Yadda Ma'aikacin Jin Daɗin Jama'a a Kano Zai Ƙara Ƙwarewa, Ko Sunansa Bai Fito a Bita Ba

Da yawa daga cikinmu masu aikin jin daɗin jama'a mun ɗauka ƙaruwa a wannan sana'a sai an kira mutum bita. A fitar da sunaye, a yi kwana biyu ko uku a ɗakin taro, a karɓi takardar shaida, a dawo ofis. Bita tana da amfani, in ta samu a je. Sai dai sunaye kaɗan ke fitowa, kuma abin da ake koyarwa a can ba lallai ya zama shi ne abin da kake buƙata ba ranar da mace ta zauna a bencin ofishinka da goyo a baya, ta ce an sake ta wata huɗu, uban yara bai aiko da ko mudu ɗaya ba. Wanda ke son hannunsa ya faɗa a wannan aiki dole ya tsara wa kansa karatunsa. Ga yadda nake ganin za a yi shi cikin shekara guda, ko kana ofishin ƙaramar hukuma ne, ko Gidan Marayu na Nassarawa, ko gidan kula da kangararrun yara na Goron Dutse, ko Torrey Home, gidan kula da yara masu buƙata ta musamman na Tudun Maliki, ko gidan tsofaffi na Shahuci, ko sashen walwalar marasa lafiya na wani asibiti.

Fara da fayilolinka

Kafin ka nemi littafi ko kwas, ɗauko fayiloli goma na ƙarshe da ka yi aiki a kansu, har da waɗanda suka tsaya cak ba a rufe ba. Ka keɓe yini guda, ka karanta su kamar na wani ne. Aikin kula da matsalar mutum yana da matakai shida da aka sani: rajista, binciken hali, tsara mafita, aiwatarwa, bibiya, sannan rufe fayil. A kowane fayil ka duba a ina aka tsaya. Sau da yawa za ka ga an yi rajista, an yi sulhu a zama ɗaya, shi ke nan. Babu wanda ya koma gidan bayan sati biyu ya ga ko kuɗin abincin da uban ya yi alkawari suna zuwa. Ka duba kuma: akwai maganar yaron da kansa a rubuce, ko duk ta manya ce? Tsohuwar da aka kawo ƙara a kanta, an ji ta bakinta, ko ɗanta ne ya yi magana a madadinta?

Ka rubuta giɓin da ka gani, sannan ka zaɓi biyu kawai. Biyu sun isa shekara. Wanda ya ce zai gyara abu takwas lokaci guda, kafin azumi ya zagayo ya watsar da duka.

Na biyu, ka san dokar da kake tsaye a kanta

Nan ne aka fi kunyata mu a gaban alƙali ko lauya, kuma nan ne gyara ya fi sauƙi, domin karatu ne kawai. Dokar 'Yancin Yara ta tarayya ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, kuma sashenta na farko ya ce maslahar yaro ita ce gaba da komai a duk hukuncin da ya shafe shi. Jihar Kano ta samu tata Dokar Kare Yara a 2023, kuma ita ce ke aiki a kanka kai tsaye. Ka nemi kwafi a Ma'aikatar Harkokin Mata ko Ma'aikatar Shari'a, ka buga shi a takarda, ka ajiye a aljihun tebur. Kada ka ce za ka karance ta daga bango zuwa bango a dare ɗaya. Ka shiga da tambayoyin da aiki ke kawo maka: wa ke da ikon ɗauke yaro daga inda ake cutar da shi, wace kotu ce za ta saurari maganar, me ake yi da jaririn da aka tsinta, me ake yi da yaron da ake zargi da laifi. Duk amsar da ka samu, ka rubuta lambar sashen a littafinka.

Amma a Kano da yawa daga cikin rigingimun iyali a kotun shari'ar Musulunci suke ƙarewa, don haka wanda bai san hukuncin reno da ciyarwa a mazhabar Malikiyya ba zai riƙa ba da shawarar da kotu za ta rushe. A Malikiyya uwa ce ta fi cancanta da riƙon yaro bayan rabuwa. Namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Idan haƙƙin uwa ya faɗi, kakar wajen uwa ce ke biye, ciyarwa kuwa tana wuyan uba duk inda yaron yake. Maza da yawa suna zuwa da yaƙinin cewa da an yaye yaro nasu ne. Idan ka san hukuncin, ka faɗe shi cikin ladabi, "Malam, abin da littattafanmu suka ce ke nan, ka tambayi limamin unguwarku," sau da yawa rigimar tana kwanciya tun kafin a je kotu. Hanya mafi kyau ta koyon wannan ita ce ka nemi izinin magatakardan kotu, ka zauna a baya ranar da ake sauraron shari'o'in aure, ka ji irin tambayoyin da alƙali ke yi da irin takardun da yake nema.

Mai aiki da tsofaffi ya ƙara da dokar 2017 da ta kafa Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa, da dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, da Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023.

Na uku, hira: nan aikin yake

Idan za ka zuba ƙarfinka a abu ɗaya, zuba shi a nan. Binciken da aka yi a Najeriya a 2014 ya nuna cewa yara shida cikin goma suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18. Yawancinsu ba sa faɗa wa kowa, waɗanda suka faɗa kuma sukan rufe baki idan babba na farko da suka gaya wa ya firgita, ko ya yi salati da ƙarfi, ko ya hau tambayar "me ya kai ki?"

Ka koyi zama da yaro. Sauka daga kujerar bayan tebur, a shimfiɗa tabarma, ido ya yi daidai da ido. Idan yarinya ce kuma maganar ta shafi jikinta, mace ce za ta yi hirar. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Wanda ake zargi ba ya zama a ɗakin, ba ya tsayawa a bakin ƙofa, ko da shi ya kawo ta. A fara da abin da ba shi da nauyi: makaranta, ƙawaye, wa ke yi mata kitso. Sannan a buɗe ƙofa da tambayar da ba ta ɗauke da amsa a cikinta. "'Yata, gaya mini abin da ya faru tun daga farko." Idan ta yi shiru, a bar shirun. Idan ta tsaya, "sai kuma me ya faru?" ya wadatar. Ba a cewa "kawunki ne ya taɓa ki, ko?" Wannan tambaya guda tana iya lalata shari'a, domin lauya zai ce ke kika sa mata magana a baki, kuma tana iya jefa marar laifi cikin bala'i.

Kada a yi wa yaro alkawarin da ba za a cika ba. Idan ta ce, "Anti, kar ki faɗa wa kowa," amsar gaskiya ita ce, "Ba zan faɗa wa mutanen unguwa ba, amma akwai waɗanda dole in gaya wa don su kare ki, kuma zan sanar da ke kafin in gaya musu." A rubuta kalmominta yadda ta furta su, ko da na yara ne, kada a mayar da su Turancin ofis.

Akwai lambar da ya kamata kowa ya haddace: awa 72. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau bayan fyaɗe sai an fara shi cikin wannan lokaci yake aiki. Saboda haka asibiti ne farko, kafin zaman sulhun dangi, kafin jiran maigida ya dawo daga tafiya. Cibiyar Waraka da ke Asibitin Murtala don wannan aka kafa ta.

Hira da tsoho tana da nata salo. A durƙusa a gaida shi sosai, a tambayi jiki da iyali, kada a shiga da fom a hannu. A yi magana da shi, ba da ɗansa da ke tsaye a gefe ba. Bayan an gaisa, a roƙi 'yan gida su ba da wuri: "Hajiya, a ɗan ba mu minti goma da Baba." Tsofaffinmu ba sa kai ƙarar 'ya'yansu, kunya da kara ba za su bar su ba, don haka ido ne zai yi rabin aikin. Duba shimfiɗar, a jiƙe take? Akwai buta da ruwan sha kusa da hannunsa? Ina kwalin maganin hawan jini ko na suga, kuma yaushe aka saya, saura nawa? Idan maganin wata guda ya yi wata uku bai ƙare ba, ba a ba shi. Wa ke riƙe da katin cirar kuɗin fanshonsa? Tambayar da ke buɗe baki ita ce mai taushi: "Baba, jiya da dare me aka ci?" Idan kwance yake ba ya tashi, a nemi izini a duba baya da ƙugu da dunduniya, nan gyambon kwanciya ke fara fitowa, kuma a koya wa masu jinya juya shi kamar duk bayan awa biyu.

Abu ɗaya da nake so kowane ma'aikaci ya iya rarrabewa: rikicin tsufa da ke zuwa a hankali cikin watanni da shekaru daban, ruɗewar da ta faɗo wa tsoho cikin kwana ɗaya ko biyu daban. Ta biyun sau da yawa alamar wata cuta ce, kamar ciwon mafitsara ko na huhu ko rashin ruwa a jiki ko hargitsewar suga, kuma tana warkewa idan an kai shi asibiti da wuri. Abin takaici ne a ga an kulle tsohuwa a ɗaki ana cewa ta zama mayya ko aljanu sun shige ta, alhali zazzaɓi ne ke cinta.

Wannan duka ba a iya shi da karatu kawai. Samu abokan aiki biyu, sau ɗaya a sati ku yi gwaji na minti ashirin: ɗaya ya zama yaron ko tsohon, kai ka yi hirar, na uku ya zauna yana ƙirga sau nawa ka katse shi da sau nawa ka sa masa amsa a baki. Da farko za ku ji nauyin juna. Ku daure.

Na huɗu, gyara rubutu

Rahoto mai kyau yana raba abu uku: abin da ka gani da idonka, abin da aka faɗa maka da wanda ya faɗa, da ra'ayinka. "Uwar ba ta kula da yaron" ra'ayi ne. "Na tarar da yaron, ɗan wata goma sha huɗu, ma'aunin damtsensa ya nuna ja, uwar ta ce kwana uku ba su ɗora tukunya ba" shaida ce, kuma tana nuna cewa talauci ne matsalar, ba sakaci ba. Ma'aunin damtse ɗan tef ne mai kala uku, ana auna yara daga wata 6 zuwa 59 da shi, ƙasa da santimita 11.5, wato ja, tamowa ce mai tsanani. Roƙi ma'aikaciyar lafiya ta asibitin unguwa ta nuna maka, ba ya cin minti goma, ka riƙa yawo da shi a jaka.

A rubuta a ranar, a sa kwanan wata da sa hannu. Hoton yaro ko na tsoho kuwa ba ya shiga zauren WhatsApp ko Facebook, ko da niyyar neman taimako ce. Yarinyar da aka yaɗa hotonta yau, a unguwar nan za ta girma, a nan za a nemi aurenta.

Na biyar, nemi wanda zai riƙa duba aikinka

Wannan shi ne abin da muka fi rasawa. Ka je wurin wanda ya riga ka a aikin, shugabanka ko wata tsohuwar ma'aikaciya da ta yi ritaya, ka ce, "Hajiya, ina so sau ɗaya a wata in kawo miki matsala guda da ta gagare ni, ki duba min." Da wuya ta ƙi. Ka je da takarda ɗaya, babu suna babu adireshi, ka faɗi abin da ka yi da inda ka maƙale. Idan babu babba a kusa, ku haɗu ku huɗu ko biyar daga wurare daban-daban, ɗaya daga asibiti, ɗaya daga ƙaramar hukuma, ɗaya daga ƙungiya mai zaman kanta. Awa ɗaya, matsala ɗaya, kowa ya yi tambaya kafin kowa ya ba da shawara. A tsayar da rana, misali Asabar ta farko a wata bayan la'asar, domin taron da ba shi da tsayayyar rana mutuwa yake yi.

A wannan zama ne kuma mutum ke sauke abin da ke cinsa. Wanda ya wuni yana jin labarin fyaɗe da yunwa, idan ya fara rasa barci, ko yana yi wa 'ya'yansa tsawa ba dalili, ko ya ji kukan mai ƙara ya daina taɓa shi, lokacin hutu da magana ya yi.

Na shida, littafin mutane

Ba kai kaɗai za ka warware komai ba, ƙwarewarka tana cikin sanin inda za ka tura mutum da wanda zai tarar a can. Sayi littafi mai bango mai ƙarfi. Duk sati biyu ka hau adaidaita sahu ka je wuri guda da ƙafarka: sashen walwalar marasa lafiya na Asibitin Malam Aminu Kano, Asibitin Yara na Hasiya Bayero, asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, hedikwatar Hisba a Sharaɗa, Hukumar Zakka da Hubusi, ofishin NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam, Hukumar Ba da Agajin Shari'a, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, sashen 'yan sanda mai kula da mata da yara, da ofishin Hukumar Ƙidaya inda ake yin takardar haihuwa. A kowane wuri ka tambayi abu huɗu: wa suke karɓa, wace takarda ake zuwa da ita, ana biya ko kyauta ne, wane lokaci ake samun su. Ka karɓi lambar mutum, ba ta ofis kaɗai ba. Idan ka tura mai matsala, ka ba shi wasiƙa, ka kira kafin ya isa, ka sake kira bayan kwana biyu.

Kada ka manta da masu unguwa. Ma'aikacin da ya shiga lungu a Dala ko Gwale ko Fagge bai fara da gaida mai unguwa ba, ya wahalar da kansa. "Ranka ya daɗe, mun zo ne a kan maganar gidan wane, muna neman ka sa mana hannu." Haka malamin tsangaya: a cire takalmi, a zauna ƙasa, "Allah ya gafarta Malam," a yi maganar lafiyar almajirai da wurin kwanansu a matsayin taimako, ba tuhuma ba. Namiji ya tuna cewa gidajen aure ba a shiga, ya tafi da abokiyar aiki mace. Sai dai girmama manya yana da iyaka: maganar fyaɗe ba ta sulhun zaure ba ce, ko wa ya roƙa.

Karatu da takarda

Yanzu ne za ka nemi kwas, bayan ka san giɓinka. Shafin Agora na UNICEF da shafin Kaya suna da darussa kyauta a intanet kan kare yara da kula da matsalolin iyali, wasu a waya ma ana yin su, kuma suna ba da takardar shaida. Littafin agajin farko na kwantar da hankali da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 gajere ne, an gina shi a kan abu uku: duba, saurara, haɗa mutum da taimako. Minti talatin sau uku a sati ya fi wuni guda a wata. Duk abin da ka koya, ka gwada shi a fayil na gaske cikin satin, sannan ka koya wa abokan aikinka cikin minti goma sha biyar a Hausa. Idan ka kasa bayyana shi da Hausa, ba ka gama fahimtarsa ba.

Ka shiga ƙungiyar ma'aikatan wannan fanni ta ƙasa, NASoW, ko AMSWON idan a asibiti kake. Tun Disambar 2022 akwai dokar da ta kafa majalisar da za ta tsara sana'ar a Najeriya, da rajistar masu yin ta, don haka takardun karatunka su kasance a kammale. Ranar ma'aikatan jin daɗin jama'a ta duniya tana faɗowa Talata ta uku a watan Maris, ta tsofaffi kuma 1 ga Oktoba. Tarukan waɗannan ranaku wurin haɗuwa ne da mutanen da za su cika littafinka.

Mai son ƙaro karatu mai tsawo, makarantar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano da ke Rano ta daɗe tana horar da ma'aikatan wannan fanni a matakin difloma, haka Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, sashen nazarin zamantakewa na Jami'ar Bayero kuma yana da kwasa-kwasan gaba da digiri da suka shafi aikin. Ma'aikacin gwamnati ya rubuta neman izini ta hannun shugabansa kafin ya fara, ya karɓi amincewa a rubuce, domin karatun da aka yi ba da izini ba yakan ba da wahala lokacin ƙarin girma. Ya kuma miƙa fayilolinsa ga wani da bayani a rubuce kafin ya tafi, ya gabatar da shi ga iyalan da yake bibiya. Kafin ka biya ko kwabo ga wata cibiya mai tallar difloma ko zama mamba a waya, duba ko Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ko Hukumar Kula da Ilimin Fasaha, wadda hedikwatarta ke Kaduna, ta amince da makarantar da kuma kwas ɗin kansa.